Ɗaukar Fim a Kan Hanyoyin Jama'a: Bayani Kan Izini da Inshora

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a nan Kano, sana'ar shirya finafinan Hausa take ta bunƙasa, har ta zama hanyar cin abincin ɗimbin matasanmu. A yau aikin ya wuce cikin birni. Masu shirya fim, musamman masu dogon zango da ake sakawa a talabijin da YouTube, suna fita ƙauyuka da garuruwa domin neman gidan ƙasa, da bakin kasuwa, da gona, da hanyar burji wadda za ta dace da labarinsu. Wannan abin maraba ne, domin kuwa duk inda suka sauka mai abinci da mai shayi da ɗan acaɓa suna samun ciniki.

Sai dai hanya ta kowa ce. A kanta ake kai mai naƙuda asibiti, a kanta manomi ke fito da amfanin gona, a kanta yara ke tafiya makaranta. Idan aka tare ta domin ɗaukar fim, ko aka yi gudun mota a kanta, haƙƙin mutane da yawa ya shiga ciki. Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da hakimai, da ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, su san takardun da ya kamata su nema daga mai ɗaukar fim, da kuma wanda zai biya idan tsautsayi ya gitta.

Abu na farko da muke so a riƙe shi ne: babu wata takarda guda ɗaya da ta tattara dukkan izinin da ake buƙata. Kowace hukuma tana da nata hurumin, kuma takardar wannan ba ta maye gurbin ta waccan.

1. Wa ke da hanyar?

Kafin a yi maganar izini, sai an san mai hanya. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne.

Na farko, hanyoyin Gwamnatin Tarayya, irin su hanyar Kano zuwa Zariya da Kaduna, da ta Kano zuwa Katsina, da ta Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Wudil. Waɗannan suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana sintiri a kansu. Ƙaramar hukuma ko dagaci ba su da ikon ba da izinin rufe irin wannan hanya, ko da ta ratsa tsakiyar garinsu.

Na biyu, hanyoyin jiha, waɗanda suka haɗa da yawancin manyan titunan cikin birni da waɗanda suka haɗa ƙaramar hukuma da 'yar'uwarta. Ma'aikatar Ayyuka ta jiha ce ke kula da su, yayin da hukumar KAROTA, wadda aka kafa a 2012, take lura da zirga-zirgar ababen hawa.

Na uku, hanyoyin ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ginawa da kula da ƙananan hanyoyi da lunguna da kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Mafi yawan finafinan da ake ɗauka a karkara a kan irin waɗannan hanyoyi ake yinsu, don haka nauyin ya fi sauka a kan sakatariyar ƙaramar hukuma da masu sarauta.

A dukkan kashi ukun, 'yan sanda suna da hurumin kiyaye doka da tsaron rayuka. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, saboda haka babu furodusa ko darakta da ke da ikon tsayar da matafiyi da kansa.

2. Takardun da ake nema

(a) Rajistar sana'a. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. Ita ce ke yi wa kamfanoni da masu sana'ar fim rajista a jiha, ita ce kuma ke duba fim kafin ya fita ga jama'a. A matakin tarayya akwai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda dokarta ta samu a 1993. Hukumar jiha ba ta wasa da wannan ƙa'ida: a watan Mayu na 2025 ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango saboda rashin kai su a tace. Duk wanda ya zo ɗaukar fim, a fara neman shaidar rajistarsa. Amma a lura, wannan takarda shaida ce cewa mutum ɗan sana'a ne da hukuma ta sani; ba ta ba shi ikon tare hanya ba.

(b) Izinin ƙaramar hukuma. Mai ɗaukar fim zai rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar da zai yi aiki a cikinta, ya kuma karɓi amsa a rubuce. Dokar tarayya ta 1998 mai jera kuɗaɗen da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta sanya kuɗin biki da rufe hanya a cikin kason ƙaramar hukuma. Dokokin haraji sun sha gyara tun daga lokacin, don haka a tambayi adadin da ke aiki a ofishin tara kuɗin shiga. Duk abin da aka biya, a karɓi rasit na hukuma. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu a bakin hanya ba izini ba ne, kuma ba zai tsaya wa kowa a gaban alƙali ba.

(c) Sanar da 'yan sanda. A kai takarda ga baturen 'yan sanda na yankin tun kafin ranar aiki. Idan za a rufe hanya ko a karkatar da motoci, jami'ai masu kaki ne za su yi wannan aiki: 'yan sanda, ko KAROTA, ko jami'an kiyaye haɗurra idan hanyar ta tarayya ce. Yaran kamfani su ɗaure igiya ko su jera duwatsu a kan kwalta laifi ne, kuma shi kansa yana jawo haɗari.

(d) Kaki da makamai. A 2022 Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya yi gargaɗi cewa za a kama duk mai fim ko mai wasan barkwanci da ya yi amfani da kakin 'yan sanda ba tare da izini ba, inda ya kafa hujja da sashe na 133 na dokar Final Kod da takwaransa na kudu. Wanda labarinsa ya ƙunshi kaki, ko shingen bincike, ko bindigar wasa, ko abin da ke fashewa da ƙara, ya nemi amincewar rundunar 'yan sanda a rubuce. Muna jaddada wannan matuƙa saboda halin tsaro. Mutumin ƙauye da ya hango mutane da bindigogi sun tare mota a bakin daji ba zai tsaya neman kyamara ba. Zai yi kururuwa, 'yan sintiri kuma za su fito da makamai na gaske. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta jiha ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya da shaye-shaye a finafinai, don haka mai irin wannan labari ya fara jin ta bakin hukumar.

(e) Jirgi maras matuƙi. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da irin wannan jirgi ba tare da izininta da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ba. Shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi ba su da ikon ba da wannan izini. Abin da ke kansu shi ne su nemi ganin takardar. Ko da takardar ta samu, a yi wa mai jirgin iyaka, domin gidajenmu na karkara a buɗe suke ta sama, kuma tsakar gida wurin iyali ne.

(f) Baƙi daga ƙasashen waje. Waɗanda suka zo daga wata ƙasa su nuna takardunsu na shige da fice da shaidar tantancewa daga Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Tarayya, ban da takardun da muka lissafa a sama.

3. Abin da takardar neman izini za ta ƙunsa

Muna ba jami'an ƙananan hukumomi shawara kada su sa hannu a kan takardar da ba ta fayyace waɗannan ba:

- sunan kamfani da lambar rajistarsa, da sunan wanda zai ɗauki alhaki a wurin aiki;
- ainihin wurin, daga ina zuwa ina, da rana da sa'o'in farawa da gamawa;
- adadin ma'aikata da motoci da babura da janareto;
- ko za a rufe hanya baki ɗaya, ko hannu ɗaya, ko tsayarwa ta 'yan mintoci;
- hanyar da za a karkatar da matafiya, da yadda motar asibiti za ta wuce;
- ko akwai gudun mota, ko faɗuwa daga babur, ko wuta, ko makami, ko dabbobi;
- kwafin takardun inshora.

Wajen sa rana, a dubi al'amuran gari. Ranar kasuwa ba ranar rufe hanya ba ce. Duk wanda ya san Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi ya san haka. Haka nan lokacin sallar Juma'a, da lokacin tashin yara daga makaranta, da kaka sa'ad da amalanke da motocin hatsi suka cika hanya. A kuma kula da burtali da mashayar dabbobi, domin ƙarar janareto da hasken fitilu suna firgita shanu.

4. Inshora

Izini yana tsara yadda za a yi aiki. Inshora kuwa tana amsa tambayar da ke zuwa bayan haɗari: wa zai biya kuɗin asibiti, wa zai gyara katangar da ta rushe, wa zai ɗauki nauyin marayu? A nan ne aka fi yin sakaci, a nan ne kuma talaka ya fi cutuwa.

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani mai lasisi. Mutum yana biyan wani adadi, kamfani kuma yana ɗaukar alƙawarin biyan asarar da aka ambata a cikin takarda idan ta auku. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda dokarta ta samu a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi. A 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin dokar 2003 ta kuma tattaro tsofaffin dokoki wuri guda. Iri huɗu ne suka shafi mai ɗaukar fim.

Na ɗaya, inshorar abin hawa ta ɓangare na uku. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wani mutum da motar ta cutar da shi ko dukiyarsa. Wannan wajibi ce a kan kowane abin hawa mai inji da zai hau hanyar jama'a, kuma asalin dokarta tun 1945 ne. Daga 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta mayar da kuɗinta na shekara Naira 15,000 ga motar gida, da iyakar biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Na babur mai ƙafa uku, wato Adaidaita Sahu, aka sa Naira 5,000 da iyakar miliyan 2, na babur kuma Naira 3,000 da iyakar miliyan 1. Waɗannan iyakoki na ɓarnar dukiya ne. Lissafin rai da rauni daban yake. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta tsananta binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa.

Akwai wani abu a nan da ya kamata kowane jami'i ya sani. Takardar inshorar mota tana faɗin irin amfanin da aka yarda a yi da motar, kuma a bisa al'ada tana cire tsere da gwajin gudu. Misali, a ce furodusa ya ari motar abokinsa mai inshorar motar gida, aka shirya fitowar da mota ke bin mota a guje, direba ya kauce ya afka wa rumfar mai tireda. Kamfanin inshora zai iya cewa ba domin wannan aiki ya karɓi kuɗi ba, ya ƙi biya. Mai tireda ya koma neman haƙƙinsa a hannun furodusa, wanda wataƙila bashi ya ci ya fito aikin. Saboda haka duk fitowar da ta ƙunshi gudu ko ganganci, a nemi wasiƙa daga kamfanin inshora mai nuna cewa an sanar da shi kuma ya amince.

Na biyu, inshorar alhakin jama'a. Ba kowane haɗari ne mota ke jawowa ba. Ƙarfen fitila yana iya faɗowa a kan yaro mai kallo, wayar janareto tana iya jan mutum, wuta tana iya tsallakawa zuwa zana ko rumbu. Inshorar mota ba ta biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wadda ke biya ita ce ta alhakin jama'a, wadda ake iya saye ta tsawon shekara ko ta kwanakin aiki kaɗai. Muna ba ƙananan hukumomi shawara su sanya ta cikin sharuɗɗansu a duk aikin da zai tara jama'a ko ya rufe hanya.

Na uku, kariyar ma'aikata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Da yake yawancin 'yan fim aikin kwana-kwana suke yi, ya kyautu furodusa ya haɗa da inshorar haɗari ta rukuni wadda za ta ƙunshi kowa. Wannan ya shafi mutanen gari kai tsaye, domin sau da yawa matasan ƙauye ake ɗauka su cika taro ko su hau babur a cikin fim. A tambaya ko sunayensu sun shiga.

Na huɗu, inshorar kayan aiki, wato kyamara da fitilu da na'urar sauti. Wannan amfanin mai kaya ce, ba ta kare mutanen gari da komai. Wanda ya nuna ita kaɗai bai cika sharaɗi ba.

Mun san da yawa daga cikin al'ummarmu suna ɗari-ɗari da inshora saboda dalilin addini. Ga waɗannan akwai tsarin Takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya bisa ƙa'idojin shari'a. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi. Har ila yau muna tunatarwa cewa dokar shari'a da jiharmu ta kafa a 2000 ta tanadi diyya a kan kisan kuskure da raunuka, kuma diyyar rai nauyi ce da ƙaramin furodusa ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.

5. Yadda za a gane takardar gaskiya

Takardun inshora na jabu suna da yawa, musamman waɗanda ake saye da araha a bakin ofishin lasin. Ga abin da jami'i zai duba: sunan kamfanin yana cikin masu lasisin NAICOM, lambar motar da ke kan takarda ta yi daidai da wadda ke gabansa, ranar aiki ta faɗa tsakanin ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai shaidar an biya kuɗin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin tun 2013 ake tsananta ƙa'idar cewa inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta aiki. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko inshorarta na gaske ce. Wayar hannu ta isa a yi wannan bincike.

6. Aikin masu sarauta

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Mai unguwa da dagaci su suka san kwanar da ke cin mota, da gidan da ke da majinyaci, da filin da ake rigima a kansa. Ya wajaba mai fim ya kai gaisuwa ya gabatar da kansa, dagaci kuma ya sanar da hakimi. Daga nan sai a sa sanƙira ko a yi shela a masallaci, a faɗi rana da wuri, a kuma faɗi idan za a ji ƙarar harbi ko a ga kaki. Shugaban 'yan sintiri ya ji wannan da kunnensa.

Amma muna roƙon iyayenmu masu sarauta su lura cewa amincewarsu ba ta ɗauke wa baƙo neman sauran takardu. Idan dagaci ya ce a yi, alhali babu izinin 'yan sanda kuma babu inshora, in abu ya ɓaci ƙofar gidansa jama'a za su cika.

7. Haƙƙin mazauna

Izinin hanya ya tsaya a kan hanya. Wanda zai shiga gonar mutum, ko zaurensa, ko ya jingina kaya a katangarsa, sai da yardar mai wurin, kuma ya fi kyau a rubuta abin da aka daidaita a gaban shaidu. Kowa yana da damar ya ce kada a ɗauki fuskarsa ko ta iyalinsa. Ba a sa yaro a fim sai da yardar mahaifinsa ko waliyyinsa. Idan aka gama aiki, kamfani zai kwashe shararsa ya mayar da wuri yadda ya same shi. Su ma mazauna akwai nasu nauyin: a janye yara daga bakin hanya, kuma kada matasa su tare masu fim suna neman kuɗin da doka ba ta san da shi ba.

8. Idan haɗari ya auku

A fara da ceton rai. A kira lambar gaggawa ta 112, ko ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122, a kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa. Kada a ɗauki doka a hannu. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin kamfanin inshora zai nemi rahotonsu. A rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshora da lambar takardar, a ɗauki hoton wurin da waya, a adana rasit na asibiti da na magani. Furodusa ya sanar da kamfanin inshorarsa ba tare da jinkiri ba. Sulhu alheri ne, amma kada wanda aka cuta ya sa hannu ko ya dangwala a kan takardar yafewa kafin likita ya faɗi girman raunin. Wanda kamfanin inshora ya hana shi haƙƙinsa yana iya kai ƙorafi ga NAICOM, ko ya nufi kotu.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su ware jami'i guda da zai riƙa karɓar irin waɗannan takardu, ya buɗe musu fayil, domin mai nema ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Muna kira ga masu shirya fim da ƙungiyoyinsu, irin su MOPPAN, da su sanya kuɗin izini da na inshora cikin kasafin fim tun daga farko, kamar yadda suke sanya kuɗin abinci da na mai. Mazauna karkara kuma, idan kun ga ana kafa kyamara a kan hanyarku ba tare da an yi shela ba, ku sanar da mai unguwa cikin lumana. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, Ya kuma zaunar da jiharmu lafiya.